Rahoton da ya kwantar da mace a kan tebur: nazarin wakilan suna a Turancin wani ma'aikaci

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikacin ofis ne, magidanci, wanda ya daɗe da barin makaranta. Hausa ce harshensa na farko. Turancin bakinsa kuwa ba abin rainawa ba ne: yana amsa waya, yana tarbar baƙi, yana zama taro har a tashi ba wanda ya fassara masa komai. Takarda guda ce ta kawo shi ajin manya da nake koyarwa. An umarce shi ya rubuta rahoto a kan wata kwamfutar hannu da ta ɓata sannan aka gan ta. Ta wata abokiyar aikinsa ce. Direba ne ya tsince ta a mota, cikin wata jaka, ya kai ofis ya ajiye, da gari ya waye aka kira mai ita. Jakar kuma ashe ta wani ce daban. Iyakar labarin ke nan, ga kuma yadda ya fito a rubuce:

*My colleague lost her computer on Monday. The driver found her in the car. He took her to the office and left her on the table. In the morning I saw. I called the owner and explained her the matter. She said the computer is her's but the bag is not her own. The man that we asked him said the bag is his own and he knows it's colour. The matter is now settled between she and I.*

Shugabar sashensu ta karanta layukan farko ta tsaya. Abin da Turancin ya gaya mata shi ne direba ya tsinci matar a mota, ya ɗauke ta ya kai ofis, ya bar ta a kan tebur har gari ya waye. Ta mayar masa da takardar, ta ce ya nemi mai duba masa.

Duk manyan kalmomin daidai ya rubuta su, har da *colleague* da ke kayar da mutane da yawa. Ɓarnar gaba ɗaya a ƙananan kalmomi take, wato wakilan suna na karɓau, masu tsayawa a madadin wanda aiki ya faɗa wa, da na mallaka, masu nuna mai abu.

Gwajin farko

Na ce ya rubuto mini jerin wakilan suna na Turanci daga ka. Bai ko ɗaga kai ba: *I, me, my, mine*, sai *you, you, your, yours*, sai *he, him, his, his*, har zuwa *they, them, their, theirs*. Na ba shi jimloli masu gurbi ya cike, irin na jarrabawa, ya cike kusan duka daidai. To ashe ba hadda ce ta yi ƙaranci ba. Da an sake zaunar da shi a gaban jadawalin nan, da an ɓata masa lokaci a kan abin da ya riga ya sani.

Sai na ce ya ba ni labarin da Hausa, ni kuma ina rubutawa a gefen Turancinsa, layi da layi. Direba ya tsince ta a mota. Ya kai ta ofis ya bar ta a kan tebur. Da safe na gani. Na kira mai ita na bayyana mata lamarin. Ta ce kwamfutar tata ce amma jakar ba tata ba ce. Mutumin da muka tambaye shi ya ce jakar tasa ce.

Babu jimlar da ke da aibu a nan. Hausa ce tsantsa, kuma ita ce ke kwance a ƙarƙashin mafi yawan Turancin. Amma ba duka ba. Da muka rarrabe, sai kurakuran suka nuna tushe uku: akwai waɗanda Hausa ta haifa, akwai waɗanda rubutun Turanci da kansa ya haifa, akwai kuma ɗaya da gyaran makaranta ya haifa. Kowane da maganinsa, kuma haɗa su wuri ɗaya a kira su rashin iya nahawu shi ne abin da ya sa suka daɗe tare da shi.

Kwamfutar da ta zama mace

A Hausa kowane suna tilo ko dai namiji ne ko mace. Littafi shi ne, mota ita ce, babu gida na uku. Turancin yau gida uku gare shi, kuma ba ya duba kalma, halitta yake dubawa: namiji *him*, mace *her*, duk abin da ba wannan ba wancan *it*. Kwamfuta ta ƙare da wasalin da ya sa ta zama mace a Hausa, sai hannunsa ya rubuta *her* kafin kansa ya yi shawara.

Wani abu da na lura da shi a sauran rubuce-rubucensa ya fi ba ni sha'awa. Bai cika kiran littafi ko tebur ko fayil *him* ba. Su *it* yake ce musu, daidai. Mota da kujera da takarda da waya ne ke zama *her*. Da na tambaye shi, ya ce, "Malam, ai ni na ɗauka *it* ɗin nan shi ne 'shi' na kaya." Wato a ransa ya raba "shi" gida biyu, na mutum da na kaya, ya bar "ita" gida ɗaya. Wannan ya taƙaita aikin ƙwarai, don maimakon a ce ya kiyaye kowane suna, sai aka ce ya sa ido a kan kayan da Hausa ta mayar mata kawai.

Na gaya masa cewa Turanci ma can da haka yake, don kada ya ɗauka harshensa ne ya zo da abin mamaki. Tsohon Turanci, na kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, jinsi uku yake raba wa sunaye ba tare da duba halitta ba. Dutse namiji ne a cikinsa. Rana mace ce, wata namiji, kamar dai yadda suke a Hausa. Tsarin ya yi ta rushewa tsakanin ƙarni na 11 da na 14 har ya ɓace. Abin da ya ɗan yi kama da shi a yau shi ne al'adar ma'aikatan ruwa ta kiran jirgi *she*, ita ma tana ja da baya: jaridar harkokin jiragen ruwa ta Landan, Lloyd's List, ta koma *it* a 2002. Ban ba shi wannan a matsayin mafaka ba. Kwamfuta ba jirgi ba ce, kuma rahoton ofis ba wurin shauƙi ba ne.

Abin da ya sa kuskuren ya yi muni a wannan takarda shi ne akwai mace ta gaske a jimlar farko. Da a ce mai kwamfutar namiji ne, da shugabar ta ɗan yi turus ta gane nufinsa. Da yake akwai *colleague* mace a kusa, *her* ta sami inda za ta sauka, ta sauka.

Kalma ɗaya, aiki uku

A nan muka fi daɗewa, don nan ne Turanci ya fi Hausa talauci. Dubi yadda Hausa ke rarrabewa: na gan ta, na ba ta, na nuna mata, jakarta, littafinta, nata, tata. Turanci yana da *her* da *hers* kawai a madadin wannan duka. *I saw her*, na gan ta. *I showed her the bag*, na nuna mata jakar. *Her bag*, jakarta. Sifa ɗaya, aiki uku.

Dalilin yana cikin tarihi. A tsohon Turanci, kalmar *hire* ita ce "mata" kuma ita ce "nata", sannan akwai wata daban ta "ta". Daga baya *hire* ta haɗiye ɗayar. Haka ya faru a ɓangaren namiji: akwai *hine* na karɓau kai-tsaye da *him* mai ma'anar "masa", sai *him* ya cinye gurbin biyu. Bambancin shi ne namiji ya tsira da *his* a gefe, mace kuwa ba ta tsira da komai ba sai da aka ƙera mata *hers* daga baya.

Sakamakon haka akwai jimlolin da ko Baturen ba zai iya warware su ba sai da abin da ke kewaye da su. *He showed her photographs* tana iya nufin ya nuna mata hotuna, tana iya nufin ya nuna hotunanta ga wasu. Na rubuta masa ita na ce ya fassara. Ya ba ni ta farko. Na ce akwai wata, ya daɗe yana kallo kafin ya gan ta, da ya gan ta kuwa sai ya yi dariya.

Dabarar da ta yi masa aiki ita ce aunawa da layin *they*. A jerin nan duka, layi uku ne kawai kowane gurbi ke da sifarsa daban: na *I*, na *we* da na *they*. Sauran duk akwai maimaici, *you* sau biyu, *it* sau biyu, *his* sau biyu, *her* sau biyu. Don haka duk inda ya yi shakka, sai ya cire kalmar ya gwada *they, them, their, theirs* a wurin. Wadda ta zauna ita ce ke gaya masa gurbin da yake ciki. *He showed them photographs* daban, *he showed their photographs* daban, shubuha ta kau. Abin dariya, layin da muka mayar ma'auni ba ma ɗan asalin Turanci ba ne. Daga harshen mutanen Sikandinebiya da suka zauna a arewaci da gabashin Ingila aka aro shi, ya yi ta gangarowa kudu a hankali. Mawaƙi Chaucer, wanda ya rasu a 1400, yana rubuta *they* amma a karɓau tsohuwar kalmar *hem* yake sawa, wadda har yau ake jin ragowarta a bakin masu cewa *'em*.

Gajeriyar mallaka da doguwa

Wannan ɓangaren Hausa ta taimaka maimakon ta hana. Muna da gajeriyar mallaka mai manne wa suna, jakarta, muna da doguwa mai tsayawa da ƙafarta, tata. Turanci ma haka: *my, your, her, our, their* ba sa tsayawa sai da suna a bayansu, *mine, yours, hers, ours, theirs* kuma ba sa yarda suna ya biyo su. Da na jera masa su gefe da gefe, nan take ya kama.

Inda suka rabu guda biyu ne. Na farko, Hausa tana kallon mai abu da abin a lokaci guda: nasa da tasa duk na namiji ne, abin da ya mallaka ne ya canza harafin farko. Turanci bai damu da abin ba ko kaɗan, mai shi kawai yake kallo, don haka nasa da tasa duk *his* ne, nata da tata duk *hers*. Na biyu, Hausa tana barin doguwar mallaka ta zauna tare da suna da kalmar nuni: wannan rahoton nawa. Daga nan *this my report* ta fito a wata wasiƙarsa. A Turancin yau *my* tana zaune ne a kujerar da *the* da *a* da *this* ke zama, kuma mutum ɗaya kujerar ke ɗauka. In ana son duka biyun sai a zagaya: *this report of mine*, *a friend of hers*.

Game da *her own* da *his own* na rahoton, ban ja musu jan layi ba, don ba kuskure ba ne a nahawu. Matsalar nauyi ce. *Own* tana ƙara ƙarfi, kamar a ce nata na kanta, ba na aro ba, ba na haɗaka ba. Shi kuwa yana sa ta ne duk inda ya kamata ya sa *hers* ko *mine*, saboda bai amince da su ba. Wanda ya karanta *the bag is not her own* zai iya zaton ana nufin aro ta yi. *The bag is not hers* ita ce magana a sarari.

Waƙafin sama

*Her's* da *it's* ba Hausa ce ta jawo su ba, kuma ina ganin duk wanda ya yi wannan kuskure hankali ya bi. An koya masa cewa mallaka a Turanci waƙafin sama ne da *s*, kamar *the driver's bag*. Ya ɗauki ƙa'idar ya kai ta inda ya kamata a ce ta kai. Rubutun Turanci ne ya ƙi bin ƙa'idar kansa.

Ba kullum haka yake ba. *Its* sabuwar kalma ce idan aka kwatanta da 'yan'uwanta, sai a ƙarshen ƙarni na 16 ta bayyana. Kafin nan *his* ake cewa ko da abin ba mai rai ba ne. Da ta shigo, an daɗe ana rubuta ta da waƙafi. Haka ma *her's* da *our's* da *your's* sun cika rubuce-rubucen ƙarni na 18, har Robert Lowth, wanda littafinsa na nahawu na 1762 ya zama abin koyi ga na bayansa, da waƙafin ya rubuta su. Daga baya aka daidaita a kan cire shi, aka bar *it's* ta zama taƙaitawar *it is* ko *it has* kawai.

Ƙa'idar yau gajeriya ce: *his, hers, its, ours, yours, theirs, whose*, babu mai waƙafi. *One's* da *someone's* da ire-irensu ne suka fita daban. Gwajin kuma bai wuce a warware kalmar ba. *He knows it is colour* ba magana ba ce, don haka *its*. Haka ake raba *who's* da *whose*, da *you're* da *your*, da *they're* da *their*. Wannan ne kuskuren da ya fi saurin barinsa a takardar da ya zauna ya duba, shi ne kuma ya fi saurin dawowa a saƙon waya, inda na'urar ke cusa waƙafin da kanta.

Abin da Hausa ke bari da abin da take ƙarawa

*In the morning I saw.* Baturen da ya karanta wannan zai jira sauran jimlar. Bahaushe ba ya jira, don in an riga an ambaci abu, musamman marar rai, yana iya barin sa: Ka ga takardar? Na gani. Ka sayi littafin? Na saya. Aikatau ɗin ma, wato kalmar aikin, da kansa yana sauya sifa ya nuna cewa babu karɓau a bayansa: ya sayi littafi, ya saye shi, ya saya. Turanci ba ya taɓa aikatau saboda wannan, kuma yawancin aikatau masu buƙatar karɓau ba sa yarda a bar su hannu wofi. Dole *I saw it*, *I bought it*, *I like it*. Akwai 'yan kaɗan da ke tsayawa su kaɗai, irin *I know* da *I understand*, kuma su ne ke ruɗar mai koyo ya zaci ƙofar a buɗe take ga kowa.

Irin wannan gibin ya sake fitowa a sassan jiki. Mu muna cewa ya ɗaga hannu, ta wanke fuska, kowa ya san hannun wa da fuskar wa. Turanci sai ya faɗa: *he raised his hand*, *she washed her face*.

A wani wurin kuma akasin haka ne, Hausa ce ke sa wakilin suna inda Turanci ya hana. Mutumin da muka tambaye shi, gidan da na zauna a cikinsa, matar da motarta ta lalace. *The man that we asked him* daga nan take. A Turanci *that* ko *whom* ya riga ya riƙe gurbin karɓau, ƙara *him* maimaici ne. *The man we asked* ta wadatar. Na ukun ne ya fi wuya, don ba cirewa kawai ake yi ba, sai an kawo *whose*: *the woman whose car broke down*. Ya daɗe yana rubuta *the woman that her car*, kuma ban ga laifinsa ba, domin a Hausa an saba faɗin wannan ne da "motarta".

Sai *explained her the matter*. A Hausa mini, masa, mata suna zuwa daf da aikatau, kafin abin da aka yi, kuma kusan kowane aikatau yana karɓarsu. Turanci yana yarda da wannan jeri ga wasu aikatau kawai: *give, send, show, tell, lend, bring, teach*. Wasu kuwa sai da *to*, a ƙarshe: *explain, describe, suggest, report, announce, introduce*. Mafi yawan masu ƙi dogaye ne da suka shigo daga Latin ko Faransanci, masu yarda kuma gajeru ne 'yan gida, amma ba a dogara da wannan ido rufe, don *say* ɗan gida ne kuma yana ƙi, *promise* baƙo ne kuma yana yarda. Nan kam hadda ce, ba wata dabara. Na ce ya ware shafi a littafinsa, duk aikatau ɗin da ya ci karo da shi ya sa shi a ɓangarensa. Muka ƙara abu biyu a shafin: in duka biyun wakilan suna ne, *give it to her* ita ce hanyar da ba ta da gardama a ko'ina, ko da yake a arewacin Ingila ana jin *give it me*. Sannan wakilin suna yana shiga tsakiyar aikatau mai ɓangare biyu, *pick it up*, ba *pick up it* ba.

Kuskuren da gyara ya haifa

*Between she and I* ba ta da tushe a Hausa. Da Hausa ya bi, *me and her* zai ce, don "ni da ita" sifa ɗaya ce ko su suka yi aikin ko su aka yi wa. Ya tuna cewa yana yaro ya sha gyara a kan *me and my friend went*, ana ce masa *my friend and I*. Gyaran daidai ne a wurinsa. Amma ba a gaya masa dalili ba, sai ya fahimci cewa *me* kalmar marasa ilimi ce, *I* kuma ta masu ilimi, duk inda *and* ta shiga.

Turawa da kansu suna yin wannan, kuma ba yau suka fara ba: *between you and I* tana cikin ɗaya daga wasannin Shekspiya. Wasu masana nahawu na zamani ma suna ganin ta yawaita har ta cancanci a karɓe ta. Ra'ayina shi ne wannan gardamar ta masana ce, mai rubuta rahoton ofis ba ya cikinta. Bayan *between, to, for, with, from* da 'yan'uwansu, sifar karɓau ake sawa, ko mutum ɗaya ne ko goma. Gwajin shi ne a rufe ɗayan da yatsa. *She gave the bag to the driver and I*, rufe direban, sai ka ga *to I*, kunne ya ƙi. Da *between* ba a iya rufe ɗaya, sai a koma ma'aunin jam'i: *between us* ake cewa, ba *between we* ba, don haka *between her and me*.

Ya tambaye ni *It is I* da *It's me*, wanne ne daidai. Na ce na biyun kowa ke faɗa, na farkon ya zama na tsofaffin littattafai. A kan *than* kuwa na ba shi shawarar ya cika jimlar in ma'ana na iya rabuwa. *She trusts the driver more than me* tana iya nufin ta fi amince wa direban a kaina, tana iya nufin ta fi ni amince masa. *More than I do* ko *more than she trusts me*, kowace ta tsaya a kan ma'ana ɗaya.

Yadda aka yi aikin da abin da ya fito

Ban sake ba shi jimloli masu gurbi ba, tunda ya nuna yana cin su ba tare da sun taɓa rubutunsa ba. Takardunsa na ofis muka riƙa amfani da su, bayan ya goge sunayen mutane. Ya rubuta yadda ya saba, ba tare da tsayawa ba. Bayan ya gama sai ya zagaye kowane wakilin suna, ya ja kibiya daga shi zuwa sunan da yake wakilta. Kibiyar da ta tashi daga *her* ta sauka a kan kaya, an kama ɗaya. Wadda ta rasa inda za ta sauka, ko ta sami wuri biyu, an kama wani. Zagaye na biyu na aikatau ne, yana tambayar kowanne: me aka gani, me aka saya? In amsar ba ta cikin jimlar, *it* ta faɗi. Ga rahoton bayan ya gyara shi da hannunsa:

*My colleague lost her computer on Monday. The driver found it in the car. He took it to the office and left it on the table. I saw it in the morning, called the owner and explained the matter to her. She said the computer was hers but the bag was not. The man we asked said the bag was his, and he knew its colour. The matter is now settled.*

Jimlar ƙarshe shi ya yanke mata wutsiya, ya ce da ma ba tsakaninsa da ita ba ne rigimar take.

A rubutun da ya samu lokacin dubawa, kurakuran sun ragu har shugabar ta daina mayar masa da takarda. A magana kuwa tafiyar ta fi jinkiri. *I saw* da *I bought* suna nan, kuma mota tana komawa *her* duk lokacin da yake ba da labari cikin zumuɗi. Ban matsa a kan wannan ba, don a baki mai sauraro yana iya tambaya, takarda ce ba ta amsawa.

Wata matsala ta fito daga baya wadda jadawali ba ya magani. Ya kawo wani rahoto a kan ma'aikata biyu, duka mata, mai ɗauke da *She told her that her file was on her desk*. Kowace kalma a gurbinta take, babu abin da mai jan biro zai kama, amma ba wanda zai iya cewa fayil ɗin wa ne ko teburin wa. Hausa ma da ta faɗa ramin nan, don "ta gaya mata fayil ɗinta yana kan teburinta" ba ta fi haske ba. Kibiyoyinsa ne suka tona ta, kowace ta sami wurin sauka biyu. Ya sake rubuta ta da muƙaman matan a maimakon uku daga cikin wakilan sunan, ya bar ɗaya kawai a inda babu wata macen da za ta yi gardamarsa.